Garin Lakwaja ya yi min, mai kai mu yawon ne bai yi min ba

Masu tambayata a kan tallar nan ta yawon buɗe ido a Lakwaja, wadda ake ta yaɗawa a WhatsApp da Facebook cewa kuɗi ɗaya ya haɗa masauki da jagora da shiga jirgi zuwa mahaɗar Kwara da Binuwai, ga amsarku a wuri ɗaya don na gaji da maimaitawa. Na biya, na je, ni da mai ɗakina. Ba zan kama suna ba. Masu bibiyar irin wannan talla sun san ko su wane ne, sun kuma san abin da suke karɓa, wanda ba kuɗin wasa ba ne a wannan marra. Garin kam ya yi min fiye da yadda na zata. Hidimar da na saya ce na kasa yanke mata hukunci ɗaya, yau in ce a yafe, gobe in tuna wani abu raina ya sake ɓaci.

Ni ɗan kasuwa ne, kayan gyaran mota nake sarowa daga Anaca, saboda haka na daɗe ina ratsa Lakwaja. Irin sanin da kowane matafiyi ya yi mata ne: Nataco da Felele, tankokin mai da tireloli sun yi layi, masu kifi banda suna bin gilashin mota, ga hayaƙi ga hon, a yi sallah a ci abinci a wuce. Wanda ambaliyar 2022 ta rutsa da shi a wajen Kotonkarfe, lokacin da ruwa ya hau titin Abuja motoci suka kwana suka wuni a tsaye, ba ya ma son a ambata masa sunan garin. Amma wancan bakin titi ne. Tsohon garin yana can ciki, a matse tsakanin Dutsen Patti da kogi, kuma da ka saki babban titi ka gangara sai ƙarar ta ragu har ka fara jin kukan zakara. Rufin kwano duk ya yi tsatsa ya koma ja. Nan da can za ka ga gidajen katako na zamanin Turawa, an ɗora su a kan ƙafafun ƙarfe, wasu an gyara ana amfani da su, wasu sun karkace awaki na kwana a ƙarƙashinsu. Mata na wanki a bakin ruwa, jiragen Nufawa da Kakanda a ɗaure suna lilo. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ban sha wahalar magana ba ko kaɗan, Hausa tana ci a tsohon garin, sarkinsu ma Maigari ake ce masa.

Shirun yana da dalili. Garin ya tashi ne da kasuwar ruwa, tun da Bature Baikie ya kafa sansaninsa a wurin wajen 1860, daga baya kamfanin Royal Niger ya mai da shi babban zangonsa. Gwamna Lugga bai daɗe da hedkwatarsa a nan ba, ya koma Jebba, daga nan Zungeru a 1902, daga baya aka tare a Kaduna. Layin dogo kuma da ya zo bai bi ta cikin garin ba, ya bi ta Jebba da Baro. Manyan jiragen ruwa suka yi ta raguwa har suka daina zuwa. Da aka ƙirƙiri jihar Kogi a 1991 aka ba garin babban birni, sai ginin ya fantsama ta wasu unguwannin, tsohon garin ya zauna yadda yake.

To, ni ba don Lugga na je ba. Tun ina yaro nake jin kakata in ta ambaci Sarki Alu sai ta ce "wanda aka kai Lakwaja", ta yi ajiyar zuciya, alhali ko ita ba ta riske shi a kan gado ba. Kafin in tura ko sisi sai da na kira mai shirya yawon, na ce masa ni Bakano ne, babban abin da zai kai ni shi ne in ziyarci kabarin Sarkin Kano Alu in yi masa addu'a. Ya ce, "Haba Alhaji, ai wannan yana cikin tsarinmu, kada ka damu." A riƙe wannan magana.

Yaron da suka haɗa mu da shi ba zan zalunce shi ba. Ya zo a kan lokaci, tsaf da shi, ga ladabi, yana jin Hausa daidai gwargwado. Ya fara hawa da mu Dutsen Patti da sassafe kafin rana ta buɗe, kuma wannan dabara ce mai kyau, don daga can sama kana ganin garin gaba ɗaya a shimfiɗe, da kogunan biyu suna tahowa kowa daga nasa ɓangaren, da tsibiran yashi farare a tsakiya. Ga ɗan ƙaramin gidan hutun Lugga nan, wanda in ba an faɗa maka ba sai ka ɗauka ɗakin maigadi ne. A nan ya gyara murya ya ba mu labarin da na lura ya haddace: wai a daidai wannan wuri Flora Shaw, 'yar jaridar Ingila da ta zama matar Lugga, ta zauna tana kallon kogi, sunan Najeriya ya faɗo mata. Na ce masa, ƙanena, ai a 1897 ta rubuta wannan suna a jaridar Times ta Landan, kuma ba ta auri Lugga ba sai 1902. Ya yi murmushi ya ce haka dai kowa yake faɗa. Mai ɗakina ta taɓa ni, na ja bakina na yi shiru. Wannan ba abin faɗa ba ne.

Muka sauko. Ya kai mu inda aka sauke tutar kamfani aka ɗaga ta Ingila ranar 1 ga Janairu 1900, ranar da Lugga ya shelanta cewa Arewa ta shiga hannunsu, alhali a lokacin ko Kano ba su ci ba. Ya kai mu dandalin tunawa da sojojin yaƙin duniya inda aka girke tsofaffin igwa. Ya kai mu makarantar Holy Trinity da Bishof Ajayi Crowther ya kafa a 1865, ya nuna mana ƙarafan nan biyu da aka ce bawan da ya gudo ya taɓa su ya 'yantu. Duk wannan na ji daɗinsa. Daga nan sai maƙabartar Turawa, kuma a nan ne yaro ya saki jiki. Dutse bayan dutse yana karanta mana, wannan soja ne, wannan ɗan mishan ne, wannan akawun kamfani ne. Da yawansu samari ne da zazzaɓi ya kwashe. Ban ƙi ba, mutuwa wa'azi ce ko ta wane ne. Amma rana ta take, azahar ta wuce, mai ɗakina ta samu gindin bishiya ta zauna tana fifita da gefen mayafi, shi kuwa bai nuna alamar gamawa ba.

Na ce masa, to yaushe za mu wajen sarakuna?

Ya ce, "Wane sarakuna, Alhaji?"

Na ce Sarkin Kano Alu mana, da na Zazzau, waɗanda Turawa suka kawo nan.

Sai ya ɗan yi dariya, ya ce, "Ai Alhaji wurin nan ba komai fa, kaburbura ne kawai. Ba abin gani."

Jama'a, muna tsaye a tsakiyar maƙabarta ya faɗa min haka. Hannunsa na kan dutsen kabarin wani Bature. Tun hantsi yake karanta min sunayen mutanen da ban haɗa komai da su ba, amma na sarkin garinmu shi ne kaburbura kawai. Wallahi sai da na ji kunnena ya yi zafi. Ban zage shi ba, don na girme shi nesa ba kusa ba, amma na ce masa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, maigidanka ya karɓi kuɗina a kan wannan alkawari, yau ko dare zai yi sai ka kai ni.

A nan asiri ya tonu: bai san wurin ba. Bai taɓa zuwa ba. Ya koma gefe ya kira wannan ya kira wancan, ya dawo ya ce mu hau Keke Napep, muka zaga wani layi muka dawo inda muka taso. Ya sake kiran waya. Mai Keken, wani bawan Allah ɗan wajen Katsina da bai ce uffan ba tun da muka hau, shi ne ya waiwayo ya ce, "Alhaji, wai kabarin Sarkin Kano kuke nema? Ai Kabawa za mu." Ya juya kan Keke.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fanshi tafiyar, kuma ba ya cikin abin da na biya.

Mun isa Kabawa an idar da la'asar. Unguwa ce da in aka rufe maka ido aka sauke ka a ciki za ka rantse wani lungu ne a cikin birnin Zariya: zaure, dakali, almajirai da alluna, mai ƙosai tana haɗa wuta. Mai Keke ya nuna mana wani dattijo a kan tabarma a ƙofar masallaci, da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni ya dubi hulata ya ce, "Daga Kano?" Na ce eh, Baba. Ya ce, "Kun zo gaida Sarki ke nan. Madalla, ɗana. Bari in sa takalmi." Bai tambayi ko ni wane ne ba, bai tambayi abin da zan ba shi ba. Ya ce wa mai ɗakina, "'Yata, sannu da rana, kin sha hanya," ya sa wani yaro ya kawo mata ruwan randa a kofin silba.

Muna tafe a hankali saboda ƙafarsa, yana ba da labari, ni kuma ina cike abin da na sani. Alu Babba, Alu Maisango, wanda ya hau gadon Kano a 1894 bayan basasar da aka yi da Tukur. Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903 yana can ya tafi Sakkwato. A kan hanyar dawowa jama'arsa suka rabu, Waziri Ahmadu ya faɗi a yaƙi da Turawa a Kwatarkwashi, ɗan'uwan Alu, Abbas, ya shigo gari aka naɗa shi, shi kuma Alu aka kama shi aka kai Yola, daga can aka dawo da shi nan. Bai sake ganin Dala ba har ya rasu a 1926. Shekara da shekaru ke nan mutumin da ya saba da hawan sallah da tambari yana zaune a gindin wani dutse a ƙasar da ba tasa ba, yana jin ƙarar jiragen waɗanda suka tuɓe shi.

Wurin ba wani ƙasaitaccen gini ba ne, kuma ban so ya zama haka ba. Yana cikin unguwa, gidajen mutane kewaye da shi, yara na wasa a kusa. Mai ɗakina ta tsaya daga waje. Na yi sallama irin ta maƙabarta, muka ɗaga hannu ni da Baba da mai Keke, wanda ya kashe injinsa ya biyo mu ba tare da kowa ya ce ya zo ba. Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Na sa kakata a cikin addu'ar.

Da muka fito Baba ya ce ai ba shi kaɗai ba ne. Ga Sarkin Zazzau Kwasau, ga Etsu Nupe Abubakar na Bida, ga kuma Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, malami kuma mawaƙi, wanda aka tuɓe a 1920 ya rasu a nan a 1924. Abin da ya tsaya min a rai game da na Zazzau ɗin nan biyu shi ne Turawan da suka cire Kwasau su ne suka ɗora Ɗan Sidi, sannan suka zo suka cire shi, suka turo shi garin da suka tura wancan. Baba ya ce nasa kakan ma cikin masu rakiyar ɗaya daga cikin sarakunan ya zo, da ubangidansa ya rasu bai koma ba, ya yi aure ya zauna. Ya ce irinsu suna da yawa a unguwar. Na ciro kuɗi na miƙa masa ya ture hannuna, ya ce, "Ɗana, ziyara ka zo, ba a sayar da ita." Sai da na ce na goro ne, kuma in bai karɓa ba ba zan ji daɗi ba, sannan ya karɓa ya miƙa wa yaron da ya kawo ruwa ya ce ya kai cikin gida.

Shi kuwa jagoranmu duk wannan lokaci yana bayanmu, jikinsa ya yi sanyi. Na ga ya ciro waya yana rubuta sunayen da Baba ke faɗa, har ya matso ya ce, "Baba, don Allah a sake faɗa min na Bida ɗin." Wannan ya sa na huce. A hanyar komawa masauki ya ba ni haƙuri, ya ce abin da aka koya masa ke nan, kuma yawancin waɗanda yake kaiwa ba sa tambayar wannan. Na ce wa mai ɗakina yaro ne, zai koya, in na tashi rubutu zan ce a je. Muka tsaya wani ɗan shago kusa da tsohuwar kasuwa muka sha farfesun tarwaɗa da ban taɓa shan mai daɗinsa ba, da kuɗinmu, don abincin dare ba ya cikin tsarin.

Masaukin ba zan daɗe a kansa ba. Ɗaki da tsabta, zanin gado wankakke, ruwa na zuwa. Amma sha biyun dare na yi aka kashe janareta, ba wanda ya gaya mana haka tsarinsu yake, kuma wanda ya san zafin Lakwaja ya san abin da nake nufi. Ɗakin ya koma kamar gidan burodi. Ka buɗe taga sauro ya shigo da rundunarsa, ka rufe ka jiƙe sharkaf. A kan dakalin waje na ƙarasa daren ina hira da maigadi. Duk da haka na ce ba komai, matsalar wuta ta kowa ce.

Jirgin ne ya dawo min da ɓacin raina sabo fil.

A hoton tallarsu kowa sanye yake da rigar ruwa mai ruwan lemo, sabuwa dal. Da muka je bakin ruwa da safe, waɗanda aka fito da su ba su isa mutanen jirgin ba, wadda ta fi dama-dama a cikinsu igiyarta ɗaya ta tsinke an ɗaure da leda. Na ba mai ɗakina ita, ni na yi bismilla na shiga haka. Da yadda ake ta jin labarin kifewar jirage a wannan kogi, wannan ba ƙaramin sakaci ba ne, kuma da na san haka ne tun a waya da ban yarda ba. Mai jirgin dai gwani ne, Banufe mai 'yar furfura, ya san inda yashi ya taso ya san inda ruwa ke da zurfi, yana karkata jirgin ba tare da ko duban ƙasa ba. Da muka isa mahaɗar ya kashe inji. Nan ne na ga abin da ake faɗa: ruwan ɓangare ɗaya ya fi duhu da laka, ɗayan ya fi haske, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da ɗan layi a tsakaninsu kafin su gauraye. Masunta biyu a wani ƙaramin kwalekwale suna jan koma, ɗaya ya ɗaga mana hannu. Dutsen Patti na bayanmu, garin ya koma ɗan mitsitsi a gindinsa. Mai ɗakina da ta shiga jirgin tana salati ta riƙe gefensa gam, sai ga ta tana miƙa hannu tana taɓa ruwan.

Muna cikin haka mai jirgi ya ce to, daga nan sai komawa. Na ce a'a, a tsarin an ce za a tsallaka da mu ɗaya gaɓar, wajen Shintaku, mu sauka mu ga ƙauyen masunta. Ya dubi jagoranmu, jagoranmu ya dubi ruwa. Ya ce, "Alhaji, abin da aka ba ni ko man zuwa nan da komawa da ƙyar ya saya. In kana son tsallakawa sai dai ka ƙara." Na tambaye shi nawa aka ba shi. Da ya faɗa sai da na sake tambaya, don bai kai rabin abin da aka rubuta min a matsayin kuɗin jirgi ba. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, kowa ya san yadda mai ya koma tun da aka cire tallafi a 2023. Laifin na wanda ya karɓi kuɗin cikakke ne ya miƙa guntu, ya bar ni ina ciniki a tsakiyar kogi da matata a gefe, inda ba ni da zaɓin in ce na fasa in sauka. Na biya. Yaron ya rantse min shi abin da aka ba shi ya miƙa. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma a lokacin sai maganar jiya ta dawo min, kaburbura ne kawai, na ji duk haƙurin da na yi ya zube. Ashe tun a waya mai shirya yawon ya san yaronsa bai san Kabawa ba, ko kuma bai damu ya tambaya ba, ya ce min kada in damu don dai kuɗi su shigo.

Saboda haka masu cewa in ba su shawara: ku je Lakwaja, musamman Kanawa da Zazzagawa da Nufawa, amma ba sai kun bi ta hannun kowa ba. Ku bari sai hunturu, lokacin zafin ya ɗan sassauta ruwa kuma ya ja baya. Ku nemi masaukinku da kanku, ku tambaya ƙarfe nawa ake kashe janareta kafin ku ajiye jaka. Ku hau dutsen da sassafe. Ku tari mai Keke ku ce Kabawa, in kun isa ku nemi dattijan ƙofar masallaci ku gaishe su yadda ya kamata. Jirgi kuma ku yi cinikinsa baki da baki da mai shi a bakin ruwa, ku ce a nuna muku rigar ruwa ku ja igiyarta da hannunku kafin ku taka ciki.

Da na dawo gida na kira mai shirya yawon na zayyana masa komai. Ya yi ta sallallami, ya ce wannan ba halinsu ba ne, za su sa Kabawa a cikin tsari daga yanzu, kuɗin da na ƙara wa mai jirgi kuma in turo lambar asusu a mayar min a ranar. Na tura. Jiya na ga sun sake saka tallar, da hoton nan dai na masu sababbin rigunan ruwa.